Zumunta a ƙafa take: yadda majami'un ƙasarmu ke tsara ayyukan shekara

A kowace shekara, da zarar hatsi ya shiga rumbu, an kuma sallami baƙin Nowel, akwai wani zama da ake yi a majami'un Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai wanda ba a kaɗa masa ƙararrawa. Fasto da dattawan ikilisiya, da ma'aji da magatakarda da shugaban matasa, sukan ja benci biyu ko uku zuwa inuwa bayan an tashi daga sujada, su buɗe littafin rubutu irin na ƴan lakwal, su soma tsara abin da jama'arsu za ta yi a shekara mai zuwa. Na halarci irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Abin da na lura da shi shi ne, shafin farko kullum cike yake da sababbin shirye-shirye, amma idan mutum ya komo a watan Agusta ya nemi littafin, zai tarar kaɗan ne daga ciki suka ga hasken rana.

Mai karatu yana iya cewa, ina ruwan wannan shafi da sha'anin majami'a, alhali ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa cikin mutum miliyan 17 da ƴan kai da ke Nijar a lokacin, Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba? To amma waɗannan mutane maƙwabtanmu ne, abokan cinikinmu ne, wasu da su muke zama biro guda, kuma abin da suke shiryawa a cikin shingensu yana taɓa unguwa baki ɗaya, kamar yadda ƙasar nan ta gani da idonta a 2015. Ban da haka, duk wanda ya taɓa riƙe asusun wata ƙungiya ta ƴan kasuwa, ko sandika, ko kwamitin masallacin unguwa, zai gane ciwon da ake magana a kai tun kafin a gama faɗa masa.

Sai mu ɗan koma baya, domin halin da ake ciki yana da asali. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, da gidan jinyar masu ciwon kuturta na Danja a 1956. Daga wannan tushe ne ikilisiyar EERN ta fito a farkon shekarun 1960, kafin ta rabu gida-gida wajen 1990. Ƴan Katolika kuwa, sai a 2001 aka ba Maraɗi bishop nata na kanta, wanda ikonsa ya haɗa da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. A zamanin mishan, tsarin aiki daga sama yake zuwa, tare da kuɗinsa da motarsa. Bature ke yanke abin da za a yi, shi ke biya. Yau ikilisiya ita ke tsara wa kanta, amma wannan sabo bai gama fita daga jini ba: har yanzu akan rubuta shiri kamar wani ne daga waje zai zo ya ɗauki nauyinsa, kuma kalmar porje takan riga kalmar baiko fitowa daga bakin mutane.

Me ake rubutawa a shafin nan na farko? Ƙungiyar mawaƙa tana son kayan kiɗa na zamani da lasifika da injin wuta. Matasa suna son a kai su zango na mako guda a lokacin hutun lakwal, a kuma saya musu rigunan ƙwallo. Wani dattijo zai ce a kafa zumuntar maza, tun da mata suna da tasu. Wani zai kawo maganar kwanan addu'a sau ɗaya a wata, wani taron ma'aurata, wani ajin ɗinki, wani ajin yaƙi da jahilci, wani ziyarar gidan kaso. Babu abin ƙi a ciki ko ɗaya. Sai dai mafi yawansu an gano su ne a Najeriya, a Jos ko Kaduna ko Sabon Garin Kano, da can ta kasat, yanzu ta salula. Alaƙar tsohuwa ce, domin tun daga littafin waƙoƙi har zuwa ƙungiyar Sabon Rai da ta taso a shekarun 1960, daga kudu abubuwa da yawa suka haura mana. Amma majami'ar da ke tara dubban mutane, cikinsu da masu albashi birjik, ba ɗaya take da ta ƙauyen Gobir ba, inda fasto da kansa sai ya yi noma kafin ya ci. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya ado.

Abu na farko da ke karya shiri, a ganina, kalanda ce, tun kafin a zo ga kuɗi. Magatakarda yakan raba shekara wata goma sha biyu daidai wa daida, kamar dukan watanni ɗaya suke. Ba ɗaya suke ba. Daga saukar ruwa a watan Yuni har zuwa Oktoba, manomi yana gona, kuma ba wanda zai bar noman farko domin taron ma'aurata. Da an gama kaka sai ƙauyuka su zama na mata da tsofaffi da yara, maza sun tafi ci-rani Kano ko Legas ko Abijan, wasu sun nufi Aljeriya da Libiya. A ƙasar Galmi da Madawa, rani shi ne lokacin albasa, mutum yana garka tun asuba yana ban ruwa. A watannin Afrilu da Mayu kuwa, zafin bazara ba ya barin a zauna ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka. A birni matsalar daban take. Malamin lakwal ɗin da ya koya wa mawaƙa murya huɗu, yana iya samun takardar canjin wurin aiki gab da komawa makaranta a watan Oktoba, ya wayi gari a Ngigmi, ƙungiyar ta watse a bayansa. Ɗaliban jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda aka kafa a 2010, su ne ƙarfin matasa a majami'un waɗannan birane, amma daidai lokacin da aka sa zangon matasa su kuma suke kama hanyar gida.

Har ranar mako tana da nata hukunci. Kasuwar Maraɗi Litinin da Juma'a take ci, ta Damagaram Alhamis, ta Tawa kuwa ranar Lahadi, wato ranar sujada kanta. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli ko tuyar waina ba za ta bar ranar kasuwa ba, kuma bai kamata a tilasta mata zaɓi tsakanin zumunta da abincin ƴaƴanta ba. Kwamitin da ya sa taro a irin wannan rana, sannan ya dawo yana kukan jama'a sun yi sanyi a bangaskiya, kansa ya kamata ya tuhuma.

Maganar kuɗi ba sai an tsawaita ba, masu karatun wannan shafi sun fi ni sanin ta. Asusun ikilisiya baikon Lahadi ne da zakka da damman hatsin da ake kawowa ranar godiyar kaka. Ma'aikatan gwamnati, waɗanda aka fi dogara da su a birni, sun ga yadda karyewar darajar sefa a Janairun 1994 da watannin da aka yi ba albashi a shekarun nan suka mayar da mai bayarwa mai nema. An sake ganin irin haka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, har zuwa farkon 2024. Shirin da ke buƙatar man injin wuta kowane mako shi ya fara tsayawa.

Akwai kuma darasin da ya fito daga cikin gidan mishan ɗin kansa. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya zo Maraɗi a 1981, shi ne ya yaɗa dabarar barin kututturan itatuwa su sake tohowa a gona, abin da manoma ke kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa dabarar da rabon abinci, mutane suka karɓa. Da rabon ya ƙare, da yawa suka sare itatuwan. Dabarar ba ta kafu ba sai da manoman da suka bar nasu suka ga amfanin a itacen girki da abincin dabbobi da yawan dammai, maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an ba su ko tiya guda ba. Yau ana ƙiyasta ta mamaye hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar nan, Musulmi da Kirista duka suna cin moriyarta. Ajin ɗinkin da ake cika shi domin ana raba sabulu a ƙarshe, ranar da sabulu ya ƙare zai koma kango.

Yanzu mu zo ga abin da ya fi ba ni mamaki a zaman nan na dattawa. A kusan kowace majami'a ta ƙasar Hausa akwai ƙungiya guda da ba ta taɓa mutuwa ba, da damana da rani, da albashi da babu, ita ce zumuntar mata. Kowa ya san su da zanensu iri ɗaya da kiɗan tulu da caki a ranar biki, amma wannan shi ne ƙaramin aikinsu. Su ne ke fara isa gidan haihuwa, su kwana gidan rasuwa. Su suka san wadda mijinta ya tafi ci-rani wata shida bai aiko ba, da yarinyar da aka kora daga lakwal saboda kuɗin littafi, da tsohon da ya kwana biyu bai fito ba. Suna da adashinsu, suna da bikinsu da ake ramawa ninki, kamar sauran matan gari, kuma ba sa tambayar addinin maƙwabciya kafin su kai mata gudummawa ranar suna. Ba wanda ya rubuta musu wannan a littafi. Amma idan aka zauna tsara shekara, shugabarsu sau da yawa ita ce ta ƙarshe da ake kira, kuma ba don a ji shawararta ba, sai don a gaya mata tiya nawa za a daka ranar babban taro. Wannan kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada, domin labarin da kwamiti ke buƙata kafin ya yanke komai yana hannun waɗanda ya bari a madafa.

Wanda ke shakkar iyawarsu ya dubi Mata Masu Dubara. A jahar Maraɗi ƙungiyar CARE ta soma wannan tsari a 1991, ta gina shi a kan adashin da mata suka riga suka sani, ta ƙara masa akwati da rance da rabon riba a ƙarshen zagaye, kuma daga nan ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka. Mu yi lissafi irin na kasuwa. Idan mata 30 suka zuba dala ɗari-ɗari, wato sefa 500, kowane mako, jika 15 ke nan a mako, jika 780 a shekara, tun ba a sa ribar rance ba. Majami'u nawa ne a karkara asusunsu ke ganin irin wannan kuɗi? Ban ce ikilisiya ta ɗora hannu a kan akwatin mata ba, Allah ya sawwaƙe, domin ranar da dattawa suka fara ranta daga ciki don gyaran rufi, ranar ƙungiyar za ta soma mutuwa. Abin da nake cewa shi ne, mutanen da suka iya riƙe irin wannan amana shekara da shekaru sun cancanci kujera a inda ake tsara aiki.

Zumuntar maza kuwa, wadda ake sake kafawa kusan kowace Janairu, takan mutu ne saboda an yanka ta da awon ta mata. Namiji yana da majalisarsa a ƙofar gida ko bakin kanti, ba ya ƙishin wurin zama. Inda na ga maza sun taru ba a roƙe su ba, aiki ne ya tara su: gayya a gonar gwauruwa, yaɓen ɗakin fasto kafin ruwa ya sauka, haƙar kabari.

Sha'anin matasa ya fi wuya, kuma a nan ne gardama takan yi zafi. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma benci na majami'a yana nuna haka. Saurayin da ya gama aji, ba aiki, yana tuƙa kabu-kabu ko yana kwana a fada ana dafa shayi, ba zai zauna a taron da dattijo ke magana awa biyu shi kuma yana saurare ba. Idan bai samu abin da yake nema ba, ga sababbin majami'u nan masu kiɗa da lasifika a kowace unguwa, ko kuma ya daina zuwa ko'ina. Ƙarƙashin wannan gardama akwai ta harshe. Tsofaffin Kiristocin ƙasar Hausa da Hausa aka raine su. An fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa tun 1932, aka sabunta fassarar a 1979, kuma da yawa daga cikin iyayen nan da shi suka koyi karatun boko, ko da yake sun daɗe suna ƙorafin cewa mishan ba ta ba ƴaƴansu ilimin Faransanci da wuri ba, wanda da shi ake shiga aikin gwamnati. Jikokinsu kuwa ƴan lakwal ne, ga kuma baƙi daga Benin da Togo da Burkina da kudancin Najeriya waɗanda Hausarsu ta ciniki ce kawai. A yi sujada biyu, jama'a ta rabu gida biyu, talakawa da safe, ƴan boko da hantsi. A yi guda da tafinta, komai ya ninka tsawo, yara su yi barci. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ta bar Faransanci a matsayin harshen aiki, masu goyon bayan Hausa sun samu sabuwar hujja, amma hujja ba ta koya wa ɗan Kotonu waƙar Hausa. Majami'un da suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka raba sujada amma suka haɗa sauran ayyuka, suka sa ɗalibin jami'a ya koya wa ɗan manomi lissafi, matar manomi ta koya wa matar ma'aikaci waƙoƙin zumunta.

Saura magana mafi nauyi, wadda akan yi da murya ƙasa-ƙasa. A watan Nuwamban 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a Maraɗi, aka ƙona majami'a da mashaya da gidajen mata. Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari kuma a Yamai, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, mutum 10 suka rasa rayukansu, ƴan sanda kuma suka ƙirga majami'u 45 da aka ƙona a Yamai kaɗai. A watan Yunin 2019 an sake cinna wa wata majami'a wuta a Maraɗi. Duk wanda ke zaune a kan bencin nan yana tuna waɗannan ranaku, kuma suna shiga cikin kowace shawara ko ba a ambace su ba. Kwanan addu'a da lasifika har asuba, a unguwar da mutane ke tashi sallah da asubahi, shin ibada ce ko tsokana? Kuɗin da aka tara, a ɗaga katanga da shi ko a ja famfo zuwa ƙofa inda kowa zai ɗiba?

Dattawa sun kasu biyu a kan wannan, kuma ba zan ce ɓangare guda ba shi da hankali ba. Wanda ya tsaya ya ga littattafansa sun zama toka yana da ikon neman katanga. Sai dai abin da aka shaida a 2015 shi ne, a wurare da dama abin da ya ceci rayuka maƙwabta Musulmi ne da suka buɗe ƙofofinsu suka ɓoye iyalai, kuma wannan ba a ranar aka ƙulla shi ba. An ƙulla shi ne a shekarun da aka yi ana aiko da naman layya ana mayar da tuwon Nowel, ana zuwa gaisuwar rasuwa. Shirin da ke buɗe wa unguwa, kamar darasin maraice ga masu shirin jarrabawar BEPC, ko ƙwallo tsakanin samari, yana ƙara wa wannan igiya ƙarfi, amma da sharaɗi. Iyaye Musulmi suna da tsoron kada darasi ya zama tarko ga ƴaƴansu, kuma tsoron ba na banza ba ne a wurinsu. Idan an ce lissafi za a koyar, to lissafi kaɗai za a koyar, a kuma je a sanar da mai unguwa da limamin unguwa tun kafin a buɗe, ba bayan an fara tsegumi ba. Majami'ar da ba za ta iya riƙe wannan alkawari ba, gara ta bar ajin ga ƴaƴanta.

A 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta rufe masallatai da majami'u daga watan Maris har zuwa 13 ga Mayu. Duk abin da ke buƙatar gini da benci da lasifika ya tsaya cik a makonnin nan. Abin da bai tsaya ba shi ne zuwa gida-gida, da kiran salula, da kwanon abinci da ake aika yaro da shi, wato aikin da matan nan suke yi tun fil azal. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take ba majami'a suke nufi ba, amma karin maganar ta zauna mata daidai.

Cikin zaman da na halarta, guda ɗaya ne ya bambanta. A wata ƙaramar majami'a ta jahar Maraɗi, an kira shugabar mata tun farkon zama, kuma magatakarda ya ƙi rubuta kowace shawara sai an faɗa masa sunan wanda zai riƙe ta, da watan da za a yi ta, da inda kuɗin zai fito. Abu uku kacal suka tsira: gayya a gonakin gwauraye a farkon damana, darasin maraice daga Janairu zuwa Mayu, da ajin ɗinki da keke biyu da wata ma'aikaciya ta bayar kyauta. Shugaban matasa ya tashi ransa a ɓace, domin kayan kiɗansa ba su shiga ba. Da na koma bayan kaka, an yi gayyar, darasin ya kai har jarrabawa, da ƴaƴan Musulmin unguwa a ciki. Ajin ɗinkin ne ya yi wata uku a rufe, saboda ba a yanke tun farko ba ko mabuɗin ɗakin kekunan zai zauna hannun matar fasto ko hannun shugabar zumunta.